Fayil ɗin Inna Kadiatu

Litinin, 26 ga Mayu

Samiha ta saki sabuwar sigar Sanyi yau da safe. A ofis na gani, ba ita ta faɗa min ba. Sunanta a ƙasan jerin canje-canje, Samiha Zakir, kamar sunan wata baƙuwa. Na daɗe ina kallo har Fatawu, manajanmu, ya leƙo ya ce, "Kadiri abokina, labarin ƙwallo kake karantawa ko sunan matarka?"

Ina tuna lokacin da ta fara rubuta manhajar nan, tun ba mu yi aure ba, a wannan teburin na ofishinmu da ke Gumbihini. Ƙungiyarmu ta masu nono ta ajiye firjin sola a rugagen bayan gari, kowanne da 'yar kwamfuta kamar sabulun wanki maƙale a bayansa. In firji ya fara ɗumi, Sanyi ce ke sanarwa kafin madara ta lalace. Ita ke rubutawa, ni ke hawa babur in je in haɗa waya. Haka muka saba. Yanzu tana Kigali tun Agustan bara, aikin shekara ɗaya, kuma har yau da yamma takan taɓa Sanyi in ta tashi daga nata aikin.

Layi ɗaya a jerin ya ce tsohon fayil ɗin saiti, sanyi.conf, ya tsufa, an daina karanta shi, saiti ya koma sabon wuri. To.

Agusta dai za ta dawo.

Laraba, 28 ga Mayu

Na gwada sabuntawar a kwamfutar ofis. Lafiya lau. Tsohon fayil ya tafi da kansa, sabon ya zauna, na ɗumama ma'aunin zafin da tafin hannuna, saƙo ya shigo wayar ofis nan take.

Na kira ta bayan la'asar in faɗa mata. Tana kan hanya, ruwan sama, ƙarar motoci. "Ya yi? Madalla. Kadiri, zan kira ka." Ba ta kira ba, amma ta turo hoton takalminta jiƙe.

Na ci tuwo a wajen Mma, mahaifiyata. Gidanmu na Jisonayili in na shiga da wuri sai ya yi min faɗi.

Talata, 3 ga Yuni

Fatawu ya ce a tura wa duk rugage kafin Sallah, a huta. Na tura daga ofis. Duk sun amsa, duk kore a allo.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. A filin idi mutum nawa suka tambaye ni ita, na daina lissafi. Mma ta soya nama ta ware nata a wani kwano, ta ce ai soyayye ba ya lalacewa kafin Agusta.

Mun yi bidiyo. Tana gidan wata abokiyar aikinta, mutane suna dariya a bayanta da wani yare. Ta yi kyau. Ta ɗan yi ƙiba ma. Na ji daɗi, na kuma ji wani abu da ba daɗi ba.

An yi ruwa da iska mai ƙarfi da yamma.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi Inna Kadiatu ta kira ni. Ita ce shugabar matan rugar da ke hanyar Kumbungu, firjinsu ne mafi girma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mijin Samiha, akwatinku bai kira ni ba." Haka take kirana tun ranar aurenmu.

Na hau babur. Tun daga bakin bukkar firjin na ji tsami. Iskar ranar Sallah ta fizge wayar da ta fito daga batir, firji ya mutu tun daren Juma'a, matan kuma suna ta yawon gaisuwa, hankalinsu kwance, don sun san in wani abu ya faru wayar Inna za ta yi ƙara. Madarar da za a kai wa Hajiya Bashiratu mai yogot gobe, duk ta tsinke. Jarkoki a jere, mata a tsaye, ba wadda ta zage ni. Da sun zage ni da ya fi min.

Na zauna gindin bishiyar ɗorawa na buɗe kwamfuta. Sanyi ta yi aikinta, wai. Ta tura saƙon Turanci zuwa wayar ofis, wadda ke kulle a durowar Fatawu tun Alhamis. Wannan shi ne saitin da sabuwar siga ke zuwa da shi.

Tsohon fayil ɗin yana nan, ba a goge shi ba. Ashe ƙa'idar ita ce, in ba wanda ya taɓa fayil, sai a share shi, kamar na ofis. In kuwa an gyara shi da hannu, sai a ture shi gefe, a ƙara masa wutsiya a suna. Ga shi, sanyi.conf.dpkg-bak, kwance lafiya, ba mai karanta shi.

Na buɗe. Lambar Inna Kadiatu. Layin da ya ce a kira, kada a tura saƙo, don Inna ba ta karatu. Da layin da ya ce a kunna muryar Fulatanci.

Muryar Samiha ce. Ranar da muka kawo firjin nan, a nan gindin bishiyar, Inna ta koya mata jimla biyu, firji ya yi zafi, zo ki duba. Ta yi ta maimaitawa tana kuskure, matan suna faɗuwa don dariya, ni ina riƙe da waya ina ɗauka. Daga ƙarshe Inna ta ce a bar shi haka, ko kurma ya ji wannan Fulatancin zai tashi. A kan cinyarta Samiha ta ɗora kwamfutar ta rubuta layukan nan, ƙuda suna damunta.

Na mayar da saitin da hannu cikin sabon wuri, na ɗaure wayar batir. Na gwada. Wayar Inna ta yi ƙara, muryar ta fito. Ban shirya jin ta ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Mun yi faɗa. Ba mu taɓa yin irinsa a waya ba.

Ta ce ai ta rubuta a jerin canje-canje. Na ce na karanta, amma ba inda ta ce abin da mutum ya gyara da hannu zai zube. Ta ce ba a goge komai ba, haka kowane ƙunshin manhaja ke yi, an ajiye kwafi. Na ce kwafi ba ya kiran waya.

Sai ta ce, "Wallahi na manta mun gyara na Inna Kadiatu."

Wannan ne ya soke ni, ba madarar ba. Na ce, "Kin manta ranar?" Ta ce ba ranar ta manta ba, fayil ɗin ta manta, kada in haɗa su. Na ce ni a wajena abu ɗaya ne. Ta ce, "Kai ma kana wurin, Kadiri, kai ma ka tura." Gaskiya ne. Na kashe wayar duk da haka.

Talata, 10 ga Yuni

Na raka Inna Kadiatu wajen Hajiya Bashiratu. Inna ta sa farin mayafinta, ta hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ni ina biye a babur. Hajiya ta ba mu ruwa, ta saurare mu har ƙarshe. Ta ce ita ma tana da masu jiran kaya, jiya ba ta kai wa kowa komai ba. Ta ce za ta ƙara gwadawa, amma in an sake ko sau ɗaya, za ta koma madarar gari, ta fi mata kwanciyar hankali. Ba da fushi ta faɗa ba.

A hanya Inna ta ce min in Hajiya ta sake su, sai komawa tallar ƙwarya a kai cikin rana, ita kuma gwiwarta ta gama wannan.

Samiha ta turo saƙo a gaishe da Inna, a ba ta haƙuri. Na isar. Ban amsa mata ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Tun Laraba ina yawon rugage, ina buɗe fayilolin da aka ture gefe ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowanne an taɓa shi. Na hanyar Nyankpala, an ɗaga ma'aunin zafi don firjinsu tsoho ne, ba ya sauka kamar sauran. Na hanyar Salaga, lambobi biyu ne, ta Rauda da ta ƙaninta, don wajensu sabis sai an hau tudu. Wani kuma ni na gyara shi da kaina bara, na manta. Na tsaya ina kallon rubutuna. Ashe ana mantawa.

Laka har gwiwa. Sau biyu na tura babur. An ba ni wagashi, cukun madarar shanu, a ganye a rugage uku, jakata tana ta ƙamshi.

Duk na mayar da hannu. Amma akwai ƙungiyoyi a Yendi da Walewale da su ma suke amfani da Sanyi, ba su sabunta ba tukuna. Fatawu ya kira su ya ce su dakata.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ta kira, na ɗauka. Mun yi maganar Mma da ruwan sama. Ba wanda ya ambaci firji.

Laraba, 18 ga Yuni

Fatawu ya ce a jira Samiha ta gyara ƙunshin. Ta ce sai ƙarshen wata, aiki ya yi mata yawa. Na ce zan gwada. Ya dube ni ta saman tabarau.

Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a cikin Sanyi ba. Ina karantawa, ina ganewa, amma nata ne. Abin da nake so ba shi da yawa. Kafin a ture tsohon fayil, a duba ko an gyara shi. In an gyara, a kwashe lambobin waya da harshe da ma'auni a zuba a sabon wuri, sannan a ajiye kwafin. In aka tarar da layin da ba a gane ba, a tsaya cak, kada a sabunta, a sanar da mutum.

Na zauna a kujerarta na yi. Ta fi tawa tsayi, ban taɓa lura ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na aika mata facin, wato gyaran da na rubuta, da safe, ta hanyar da kowane baƙo ke aikawa. Shiru har yanzu.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ta amsa Litinin. Da Turanci, layi bayan layi, kamar malama tana duba jarrabawa. In fayil ɗin babu komai a ciki fa? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwashewa fa? In mutum ya ga sabuwar ba ta yi masa ba, ya koma tsohuwar siga, zai tarar da fayil ɗinsa a inda yake? Na ji zafi da farko. Sai na ga duk tambayoyin gaskiya ne.

Na ɗauko 'yar kwamfutar gwaji na yi ta sabuntawa ina zare filogi a tsakiya. Karo na farko ta tashi ba tsohon saiti, ba sabo. Da a ruga ne, da an sake yin ta Sallah. Na gyara yadda ba za a taɓa tsohon ba sai sabon ya gama rubutuwa. Na aika. Ta dawo da wasu tambayoyin. Na aika. Ta dawo.

Kwana huɗu ke nan muna haka. Tun da ta tafi ba mu yi doguwar magana irin wannan ba. A waya kullum ɗayanmu yana kan hanya ko ya gaji. A nan kuwa tana karanta kowace kalma tawa, har waƙafi.

Yau a ƙasan sharhinta na ƙarshe, inda kowa a duniya zai iya gani, ta rubuta da Hausa, ka ci abinci kuwa? Na amsa a nan ɗin, wagashin Rauda. Fatawu ya gani ya yi ta dariya.

Talata, 1 ga Yuli

Ta kira bayan magariba, ta ce in zauna.

Sun ba ta ƙarin shekara biyu. Tun watan Mayu suka faɗa mata, ta rasa yadda za ta gaya min. Ba ta sa hannu ba tukuna. Ta ce tana so. Ta faɗa a hankali, amma ta faɗa.

Na ce Agusta fa? Ta ce za ta zo hutun mako biyu.

Ta ce, "Ka zo, Kadiri. Ba ziyara ba. Ka zo." Na ce in zo in yi me, in riƙa jiran ki tashi daga aiki? Mma fa? Rugagen fa? Ta ce ba ta da amsa, roƙo kawai take yi.

Sai ta ce akwai wata magana. Tana so in karɓi Sanyi gaba ɗaya, sunana a kai. Ta ce abin da ya faru ya nuna mata ta yi nisa da firjin, ba ta ƙara jin ƙamshin wurin a ranta in tana rubutu. Na ce wato kina sallamar mu ke nan. Ta ce, "Manhaja nake ba ka, ba takardar saki ba." Muka yi dariya, ita tana kuka.

Ban ce ta sa hannu ba, ban ce kada ta sa ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Ban je aiki ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Na faɗa wa Mma. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni kake fakewa da ni? Ɗan'uwanka Zubeiru yana nan, matarsa tana nan." Sai ta tashi ta sauko da kwanon naman Sallah ta ce in tafi da shi ofis a cinye.

Na ce wa Samiha ta sa hannu. Na faɗa da sauri don kada in fasa.

Asabar, 12 ga Yuli

Facin ya shiga. Sabuwar siga ta fita ranar Laraba, sunana a ƙasan jerin canje-canje. Na rubuta bayanin da manyan haruffa, da Turanci da Hausa, cewa duk wanda ya taɓa gyara fayil ɗinsa ya gwada kiran kafin ya bar wurin. Yendi sun sabunta, lafiya. A Walewale ta tsaya a wata ruga, don wani ya taɓa rubuta lambar waya da tazara a tsakani. Ta ƙi ci gaba, ta sanar, suka kira ni, muka gyara a waya. Abin da nake so ke nan. Na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Mun ɗan ja da Samiha a kan kwafin da ake turewa gefe. Ita tana ganin a share su a siga ta gaba, kada su taru su rikita wanda zai zo duba na'ura. Ni na ce a bar su sai ranar da mai na'ura ya cire Sanyi gaba ɗaya, ba su cin wuri. Ta ce, "Kai ne mai ita yanzu." Na bar su.

Yau na je hanyar Kumbungu na sa wa wayar batir bututu, kada iska ta sake fizgewa. Hajiya Bashiratu tana karɓar madara har yanzu. Inna Kadiatu ta kawo min fura, ta zauna tana kallona ina ɗaure waya. Ta tambaya ko wata mai zuwa ne Samiha za ta dawo. Na faɗa mata gaskiya.

Sai ta ce, "Can ƙasar, ba su da shanu?" Na ce suna da su, da yawa ma, masu dogon ƙaho. Ta ce, "Firjinsu ba ya lalacewa?" Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce to, ta ɗauki ƙwaryarta.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ruwa tun safe. Na kwana biyu ina jin muryarta a kaina tana cewa ka zo. Wani lokaci kamar roƙo, wani lokaci kamar umarni. Ya danganta da ko na ci abinci.

Litinin, 21 ga Yuli

Na wuni ina rubuta yadda ake kula da kowane firji, ruga bayan ruga. Wane ne ba ya karatu, ina sabis yake, wace hanya ke yankewa in an yi ruwa, wane kare ne ke bin babur. Duk abin da ke kaina kawai. Fatawu ya tsaya a bayana ya karanta shafi guda, ya ce, "Wa kake rubuta wa wannan?" Na ce ya kamata dai a ce yana rubuce. Ya ce haka ne, ya koma kujerarsa, ya daɗe bai taɓa komai ba.

Da na tashi na biya ta kasuwa sayen fis na lantarki. Shagon mai hoto yana kusa, ba layi. Ya ce in cire hula, in daina murmushi, in dubi nan. Guda huɗu ya ba ni, masu farin baya, irin na fasfo.

Ban cika wata takarda ba. Ban faɗa mata ba. Suna cikin aljihun rigata, kuma ban yi kyau a ciki ba ko kaɗan.